Wata takwas da na tsallake a waƙar Griogal Cridhe

A darasin adabin baka, malaminmu ya ce kowa ya ɗauki waƙar wata al'umma ya bi diddiginta. Na ɗauki Griogal Cridhe, waƙar makoki a harshen Gelik na tsaunukan Sikotilan. Abin da ya ja ni shi ne da muryar reno ake rera ta, kamar yadda iyayenmu mata ke lallashin goyo, alhali cikinta jini ne da tsinuwa.

Ana danganta ta ga Marion Campbell ta Glenlyon, matar Gregor MacGregor, shugaban dangin MacGregor na Glenstrae. Danginta ne suka kashe shi, bayan shekaru ana gaba tsakanin gidajen biyu. A waƙar tana yi wa ɗanta magana, tana ba shi labarin yadda aka ɗora kan ubansa a bisa kututturen itace, har ta ce da tana da ƙoƙo da ta sha jininsa. Ba ta bar mahaifinta ba, ta roƙa masa cuta, ta roƙa wa Colin Campbell na Glenorchy, jagoran danginta da suka kashe mijinta, annoba.

A kwanan wata na yi tuntuɓe. Waƙar ta buɗe da safiyar Lùnastal, wato 1 ga Agusta, ta ce ran nan tana wasa da mijinta, kafin rana ta take zuciyarta ta karye. Amma kundin tarihin da wani limamin coci ya rubuta a Fortingall ya ce an fille kan Gregor a Balloch ranar 7 ga Afrilu 1570. Sai na yi saurin yanke hukunci. Ai ba a buga waƙar ba sai 1813, a tarin waƙoƙin Patrick Turner, shekara 243 tana yawo a bakin mutane. Na rubuta da ƙarfin gwiwa cewa mawaƙa sun ɓata kwanan.

Da malam ya karanta, tambaya ɗaya ya yi mini: "Wa ya ce maka ranar kisan take nufi?"

Ban da amsa. Na koma na duba, ashe a watan Agustan 1569 aka kama Gregor, ya yi wata takwas a tsare kafin a kashe shi. Limamin ya rubuta ranar da aka zartar da hukunci, ita kuma ta riƙe ranar da aka raba ta da mijinta. Ni ne na ɗauka rubutu alƙali ne, baki kuma wanda ake tuhuma, tun kafin in saurari kowannensu. Kunya ta kama ni, don kakata ma da shekarar fara da shekarar yunwa take lissafi, kuma ban taɓa ƙaryata ta ba.

Na yaga shafin, na koma ma'ajiyar Tobar an Dualchais a intanet, inda aka adana muryoyin tsofaffin mawaƙa, na fara sauraro daga baitin farko.