Bayan Takardar Saki: Kuɗin Yara, Kayan Ɗaki da Abin da Alƙali Zai Nema

A yawancin jihohin Arewacin Najeriya, auren da aka ɗaura a Musulunce kotun shari'ar Musulunci ta jiha ce ke raba gardamarsa, kuma a kan mazhabar Malikiyya take tafiya: Risala, Mukhtasar na Khalil da Tuhfa su ne littattafan da alƙalai ke komawa gare su. Wanda bai gamsu ba ya ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotun shari'a, daga nan sai kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a ta jiha, wadda sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya ba hurumin aure, saki, riƙon yara da gado. Auren rajista hanyarsa daban, babbar kotun jiha ce ke duba shi da dokar shari'o'in aure da saki ta 1970.

Abu na farko shi ne a san wane irin saki aka yi, don haƙƙin mace ya rataya a kansa. Idan ɗaya ne ko biyu, akwai kome, kuma ci da sha da wurin zama suna kan miji har ta gama idda: tsarki uku, ko wata uku ga wadda ba ta jini, mai ciki kuwa sai ta haihu. Idan uku ne ko hul'i, masauki kawai take da shi, sai in tana da juna biyu a haɗa mata da ciyarwa. Al'adar da mace ke tattara kaya ta tafi gidan iyayenta a daren da aka sake ta ba ta sauke wa miji wannan nauyin ba. A adana takardar saki da kwanan wata, da sunan shaidu biyu.

Dukiya kuwa, babu maganar raba ta biyu. Kowa da abinsa. Sadaki nata ne, in an tare. Rabi in ba a tare ba. Kayan ɗakin da iyayenta suka yi mata nata ne. Inda aka yi jayayya babu shaida, abin da aka san na mata ne a al'ada a ba ta bayan ta yi rantsuwa, na maza a ba shi bayan ya rantse. Rigimar da ta fi cin mata ita ce ta gini: ta sayar da sarƙa ko ta kwashi adashe ta ba shi ya zuba a fili, takardar fili kuma da sunansa. A gaban alƙali zai ce kyauta ce, ita ta ce rance ne ko haɗin gwiwa, kuma hujja a kan mai da'awa take. Rasit, shaidar tura kuɗi ta banki, saƙon waya da ya amsa a ciki, ko mutum biyu da aka yi a gabansu, su ne za su cece ta. Kunya ba ta zama shaida.

Riƙon yara shi ne inda jahilci ya fi yawa. "Da an yaye shi a kawo min ɗana" magana ce ta al'ada, ba hukunci ba. A Malikiyya uwa ce ke riƙon ɗa namiji har ya balaga, mace kuma har ta yi aure ta tare. Idan uwar ta auri wani bare, riƙon ya faɗi daga hannunta, amma ba ga uba yake zuwa kai tsaye ba. Kakar yara ta wajen uwa ce a gaba, sannan ƴar'uwar uwar. Uba yana nan a matsayin waliyyi, da haƙƙin ganin ƴaƴansa da lura da karatunsu.

Ciyar da su, tufafi da wurin kwana duk a wuyan uba suke ko a hannun wa suke zaune. Babu wani adadi tsayayye. Alƙali yana duba samun uban da tsadar gari. Saboda haka a je da lissafi a rubuce: abinci na wata, kuɗin makaranta na zango, asibiti, da abin da ke nuna sana'arsa ko albashinsa.

Ga wurin da ake asara. Kuɗin ciyar da yara na watannin baya yana faɗuwa idan lokaci ya wuce, sai dai in alƙali ya riga ya yanke shi, ko ta tabbatar ta ciyar ne da niyyar a biya ta, ba sadaka ba. Matar da ta yi shekara uku tana haƙuri tana sayar da ƙosai, in ta zo neman na baya, da wuya ta samu. A nemi sulhu wajen dangi ko Hisba, babu laifi, amma a kai yarjejeniyar kotu ta zama hukunci, a karɓi kwafi. Da shi ne za a koma in ya daina biya, da shi ne kuma za a nemi ƙari in kaya sun yi tsada. Wadda ba ta da kuɗin lauya ta tuntuɓi hukumar Legal Aid ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA a babban birnin jiharta.