Godiya ga jama'armu ta Agege bayan zaɓen majalisar dokokin Legas

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu, malamanmu, 'yan'uwa maza da mata na Agege da kewaye, barkanmu da shan ruwa. Allah Ya karɓi ibadunmu.

Tun da aka gama sanar da sakamako 'yan kwamiti suka ɗora mini rubuta wannan godiya, sai azumi ya kama ranar 23 ga Maris 2023, kowa ya koma neman abin buɗe-baki. To yau ga ta. Ina magana ne da yawun ɗan ƙaramin kwamitin nan da ya dame ku tun bara, muna bin ku ƙofar masallaci da bakin kasuwa muna cewa ku yanki kati, ku karɓi kati, ku tsaya a Legas ku yi zaɓe. Wasunku in suka hango mu sai su canza hanya. Mun gani, kuma mun yafe.

Ga waɗanda ba su bi lissafin ba, ga yadda ta kaya. Majalisar dokokin jihar nan da ke Alausa a Ikeja tana da kujeru 40, kowace ƙaramar hukuma cikin 20 tana da biyu. A zaɓen ranar Asabar 18 ga Maris 2023, APC ta kwashe 38, jam'iyyar Leba ta samu 2, PDP ba ta tsira da ko ɗaya ba. Mudashiru Obasa, wanda a lokacin yake riƙe da shugabancin majalisar tun 2015, ya sake cin kujerarsa ta Agege ta ɗaya. A na gwamna kuma Babajide Sanwo-Olu ya samu ƙuri'u 762,134, Gbadebo Rhodes-Vivour na Leba 312,329, Jandor na PDP 62,449. A cikinmu akwai wanda wannan sakamako ya yi wa daɗi, akwai wanda har yau in aka taɓo zancen sai ya ja tsaki. Kwamitinmu bai taɓa ce wa kowa ga wanda zai zaɓa ba, domin mu kanmu a teburi ɗaya akwai mai tsintsiya, akwai mai lema, akwai mai jar hula. Godiyarmu ba ta wanda ya ci ba ce. Ta waɗanda suka fito ce.

Kuma fitowar ba ƙaramin abu ba ce, don kowa ya san irin watan da muka shiga. Canjin kuɗi ya bar mutum da kuɗinsa a banki amma ba shi da na ƙosai. Kotun Ƙoli ta ce tun 3 ga Maris a ci gaba da karɓar tsofaffin takardu, amma sai da aka ƙara kwanaki kafin mai tumatir ya yarda ya karɓi tsohuwar dubu ɗaya ba tare da ya juya ta ya sake juyawa ba. Ana cikin haka aka ɗage zaɓen daga 11 ga wata zuwa 18, saboda sai an sake saita na'urorin BVAS da ake tantance masu zaɓe da su. Ga kuma zaman ɗar-ɗar da garin ya shiga tun bayan zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu, wanda Peter Obi ya zo na ɗaya a Legas da 582,454, Bola Tinubu yana biye da 572,606. Daga nan maganganu suka yi zafi kan waye ɗan gari waye baƙo. Ba da mu ake cacar bakin ba kai tsaye, amma duk wanda ya daɗe a Kudu ya san in aka fara irin wannan zance ba a sanin inda zai tsaya. Iyaye daga gida suka riƙa bugo waya: ka tattaro yaran ku taho, in an gama kwa koma. Wanda ya tafi ba mu ga laifinsa ba. Wanda ya zauna, ya kuma fita da katinsa a aljihu ranar da aka hana zirga-zirgar motoci, shi muke wa wannan rubutu.

Abin da ya fi ba mu wahala wajen shawo kan mutanenmu shi ne wannan ƙuri'a ta ɗan majalisar jiha. Ta shugaban ƙasa kowa ya san da ita. Ta gwamna ma haka. Amma ka tambayi mutum ya shekara ashirin a Agege waye wakilinsa a Alausa, sai ya yi shiru, alhali zai lissafa maka 'yan takarar mazaɓarsu ta Kano ko Katsina har da sunan kakanninsu. A daren Lahadi da safiyar Litinin bayan zaɓe, a teburin mai shayi, wayoyi goma in ka leƙa tara sakamakon Kano suke jira, har aka ce Abba Kabir Yusuf ya ci, wasu suka yi ta kabbara. Ba laifi, gida gida ne. Sai dai dokar da take kama babur ɗinka ba a Kano aka yi ta ba. Dokar sufuri ta 2018 da aka dogara da ita aka hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida tun 1 ga Yuni 2022, wato Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Island da Lagos Mainland, aka ƙara Kosofe, Mushin, Oshodi-Isolo da Shomolu a watan Satumba, daga zauren Alausa ta fito. Dokar hana kiwon sake ta 2021, wadda 'yan'uwanmu fataken shanu na Oko-Oba suka yi ta tambayar yadda za ta shafe su, nan aka yi ta. Kasafin kuɗin 2023 na sama da naira tiriliyan 1.7, da za a yi titi da kwata da asibiti da shi, mutum arba'in ɗin nan ne suka amince da shi. Ko dokokin sun yi daidai ko ba su yi ba, wannan kowa da ra'ayinsa. Abin da muke cewa shi ne mai ƙuri'a a mazaɓa ana sauraronsa in ya je ofishin wakili, wanda ba shi da ita kuwa sai dai a ba shi kujera ya zauna. Hausawa sun zauna a Agege tun zamanin fataucin goro da jirgin ƙasa, jikokinsu sun haifi jikoki a nan. Bai kamata a ce har yanzu muna zama kamar masu jiran mota a tasha ba.

Godiya ta farko ga limamanmu. Sun ba mu minti biyu-biyu bayan sallar Juma'a, kuma babu wanda ya ambaci sunan jam'iyya a kan mumbari, ko da yake na san an je an roƙe su. Allah Ya ƙara musu daraja. Haka iyayenmu masu sarautar Hausawa na unguwanni da dattawan kasuwa, waɗanda suka zauna da takwarorinsu Yarbawa kafin ranar, aka yi magana ta fahimta cewa kowa ya ja wa yaransa kunne.

Sai matasan da suka yi aikin da babu wanda ya gani. Tun kafin a rufe rajista ranar 31 ga Yuli 2022 suke zama da waya a hannu suna taya mutane cike neman sauya rumfa daga garuruwansu zuwa nan, da datarsu, ba wanda ya biya su. Da lokacin karɓar kati ya zo, su ne suka riƙa raka tsofaffi, su tsaya musu a layi tun asuba. Akwai yarinya ɗaya, ɗalibar Islamiyya, da ta ɗauki nauyin matan layinsu gaba ɗaya, ta bi su gida-gida da takarda da tawada tana nuna musu yadda ake dangwale da yadda ake naɗe takardar a tsaye don kada tawadar ta taɓa wani gidan ƙuri'a ta lalace. Mahaifinta ya ce kada a faɗi sunanta, to ba za a faɗa ba. Allah Ya yi mata albarka, Ya ba ta miji nagari.

A rumfar da na tsaya, ina so in yi godiya ta musamman ga 'yar bautar ƙasar da ta jagoranci aikin. Ba Bahaushiya ba ce, ba ta jin ko "sannu". Matsalar da ta taso ita ce yatsun mutanenmu. Mahauci da ya shekara talatin yana riƙe wuƙa da gishiri, ɗan dako da igiyar buhu ta cinye masa fatar hannu, mai wankin mota da sabulu ya goge masa zanen yatsa, in suka ɗora babban yatsa a kan na'ura sai ta ƙi. Wani dattijo mai sayar da albasa ya gwada dama, ya gwada hagu, ya goga a rigarsa, ya hura masa iska, shiru. Layi ya fara guna-guni, shi kuma kunya ta kama shi, ya juya zai tafi yana cewa dama ya san ba za a bar su su yi ba. Yarinyar nan ta miƙe ta ce, "Baba, Baba," ta nuna masa ya cire hula ya kalli na'urar. Ya cire, ya tsaya ƙiƙam kamar za a ɗauke shi hoton fasfo, na'ura ta gane fuskarsa, aka miƙa masa takardu biyu. Daga nan duk wanda yatsansa ya ƙi, tun kafin a ce masa komai sai ka ga ya tuɓe hula. Ta yi wannan aiki cikin rana har ƙarfe biyu da rabi ta wuce, ta ce duk wanda yake kan layi sai ya yi, ba ta ɗaga wa kowa murya ba. Ban san garinsu ba. Duk inda take, Allah Ya saka mata, Ya kai ta gida lafiya.

Da aka zo ƙirga, aka zazzage akwatin gwamna, aka zazzage na majalisa, tana ɗaga takarda ɗaya-ɗaya jama'a suna amsawa da ƙarfi, da Turanci da Yarbanci da Hausa a haɗe. Nan na ga abin da ya faranta mini rai fiye da sakamakon kansa: mutanenmu ba su watse bayan an gama na gwamna ba. Sun tsaya aka ƙirga na majalisa har ƙarshe, wakilan jam'iyyu suka sa hannu, aka ɗauki hoton takardar da na'ura, aka manna kwafi a bango, samari suka ɗauka da wayoyinsu. An yi gardama kan takarda guda da tawada ta malala tsakanin gida biyu, aka ajiye ta cikin lalatattu, wanda abin ya shafa ya yi ƙorafi ya haƙura. Mun ji labarin wuraren da aka tsorata masu zaɓe aka fasa akwatuna a wasu sassan jihar, kuma muna jajanta wa duk wanda aka ji wa ciwo ko aka hana shi haƙƙinsa, ko wane yare yake ji. A tamu rumfar Allah Ya tsare.

Hajiya mai abinci ta bakin layin dogo ta aiko da kula biyu ta shinkafa da wake, ta ce a ba ma'aikatan zaɓe da 'yan sanda tukuna. Mai shayinmu ya ba da bencina. Wani maƙwabcinmu Bayarabe mai shagon gyaran waya ya tayar da janaretonsa aka yi cajin wayoyi, kuma da aka miƙa masa kuɗin mai ya ƙi karɓa, a lokacin da man ma sai an sha layi. Masu ruwan leda, 'yan sintirin unguwa, direban da ya kai wata mai naƙuda asibiti da rana tsaka ya yi ta bayani a shingen jami'an tsaro, duk mun gode. Matanmu da suka fito da goyo, mun gode ƙwarai, domin a layin mata ba a samu ko musayar yawu ba, abin da ba zan iya faɗa game da layin maza ba.

Ba zan ɓoye muku ba, fitowar ba ta kai yadda muka so ba. Jihar da take da masu rajista sama da miliyan 7, waɗanda suka jefa ƙuri'ar gwamna ba su kai miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu ba. A cikin namu ma akwai masu kati a aljihu da suka kwana a shago suna kallon ƙwallo. Akwai kuma da yawa da suka zo mana a makon zaɓe suna neman a sauya musu rumfa, alhali an rufe tun watanni bakwai da suka wuce. Ba a fafe gora ranar tafiya. Da zarar hukumar zaɓe ta sake buɗe rajista za mu sanar a masallatai, kuma wannan karon da 'yan'uwanmu na Mile 12 da Idi-Araba da Alaba Rago muke so a yi tafiyar, don sun nuna sha'awa.

Ga waɗanda suka ci kujerun Agege biyu da sauran 38, muna taya ku murna, Allah Ya taya ku riƙo. A watan Yuni 2023 za a rantsar da sabuwar majalisa. Bayan nan kwamiti zai nemi ganin wakilanmu da takarda a rubuce, kuma abubuwan da jama'a suka fi kawo mana zuwa yanzu su ne kwatocin da suke cika da ruwan sama na farko, yaranmu da aka ƙwace wa babura suna zaune ba sana'a, da yawan masu karɓar haraji a bakin kasuwa da ba ka san wanne ne na gwamnati ba. Duk mai ƙarin magana ya kawo ta zaman da za mu yi Asabar ta farko bayan ƙaramar sallah, bayan la'asar, a inda muka saba. Mata ma za a ware musu wuri.

Wanda ya yi mana hidima ban ambace shi ba ya yi haƙuri, Allah Ya san shi. Har yanzu bencin mai shayi guda ɗaya da babbar lema mai ruwan ɗorawa ba su dawo ba. Wanda suke wurinsa don Allah ya kai su shagon tela na kusa da masallaci kafin Juma'a.

Wassalamu alaikum.

Sakataren kwamiti, a madadin sauran 'yan'uwa,
Agege, Legas.