Shukar da ke barci a firijin Mma

Jiya Mma ta buɗe firiji neman attarugu, sai ta ci karo da wata leda mai jiƙaƙƙen gansakuka da guntun ganye. Saura ƙiris ta jefa a bola. Na ce, "Mma, don Allah a bar ta, ba mutuwa ta yi ba, barci take." Ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, "Allah ya shirye ka. Ciyawa ma yanzu sai an ba ta ɗaki?"

Shukar nan mai cin ƙuda ce, wadda Turawa ke kira Venus flytrap. Asalinta fadamun jihohin Karolina ta Arewa da ta Kudu ne a Amurka. A can, da sanyi ya shigo sai ta daina girma, ganyenta da yawa su yi baƙi, ta kwanta wata 3 zuwa 4. In ba ta samu wannan hutun ba, sannu a hankali take ramewa. Haka ta farko ta mace mini. Na ɗauka hunturunmu na Kumasi ya isa, tunda a Janairu ni kaina rigar sanyi nake sawa in zan fita sallar asuba a Aboabo. Ashe ita sanyin da take nufi ƙasa da digiri 10 ne. Namu kuwa ƙura ce da fashewar leɓe.

Ƙanina da ke Jamus ne ya ɗora ni a hanya. Shi sanyin kyauta yake samu, damuwarsa kada ya yi yawa: tukunya tana daskarewa har tsakiya, saiwa ta kasa shan ruwa, iska ta busar da shukar. Sai ya kai shukarsa gareji kusa da taga, ya rage ban ruwa, ƙasar ta zauna da ɗan laima kawai.

Ni kuma na yanke mataccen ganye, na naɗe saiwar, na sa a inda ake ajiye kayan miya, ba wajen ƙanƙara ba. Duk mako biyu nake dubawa saboda fumfuna. Ruwan sama kaɗai nake ba ta, shi ma wanda na tara tun damina.

Abin da ke tsinka mini zuciya dumsor ne, wato yawan ɗauke wutar lantarki a Gana. Ranar da aka ɗauke wuta tun safe, Mma na tunanin kifinta, ni ina gadin ƙofar firiji kada yara su buɗe.