Ɗalibar da ke ɓuya a cikin hijabinta

Akwai ɗalibar da ta san amsa sarai, amma da malami ya dubo wajenta sai gabanta ya faɗi, tafin hannu ya jiƙe, ta shiga gyara hijabin da bai karkace ba. Mutane su ce kunya gare ta, har su yaba. Kunya ba ta hana tambayar abin da ba a gane ba. Wannan tsoron idon jama'a ne, yakan fara tun wajen shekara 13.

A 1995 masana halayyar ɗan Adam biyu, Clark da Wells, suka nuna abin da ke raya shi: hankali ya koma kan kai, mutum ya zana mummunan hoton kansa, ya ɗauka shi kowa ke gani. Sai dabarun ɓuya su biyo baya: zama a layin ƙarshe, jan mayafi a rufe baki, magana ƙasa-ƙasa. Suna kawo sauƙi nan take, amma su ne ke hana ki gano cewa ko ba su, ba abin da zai faru.

In ke ce wannan ɗalibar, ki fara da kayan sawa. Yadi mai santsi yakan zame, ya riƙe miki hankali duk lacca. Sa hular ciki ta auduga, ki kafa fil a ƙarƙashin haɓa, ki duba madubi sau ɗaya kafin ki fita, shi ke nan.

Sannan ki rubuta abubuwa biyar da kike gudu, ki ba kowanne maki daga 0 zuwa 10 gwargwadon tsoron da yake ba ki. Ɗauki mai maki 3, misali tambayar ta kusa da ke shafin da ake. Ki maimaita kullum har makin ya sauka, kafin ki hau na gaba. Inda ake yawan kuskure shi ne a yi abin amma hannu na kan hijabi, ido a ƙasa. Haka tsoron ba ya raguwa. Hannu a kan tebur, ido a kan mai magana. In ƙirji ya ɗaure, ja numfashi daƙiƙa 4, ki sake shi a 6.

In kuwa da gaske ana yi miki ba'a saboda shigarki, wannan ba tunaninki ba ne: rubuta rana da abin da aka faɗa, ki kai wa hukumar makaranta. Tsoron da ya kai wata 6 yana hana ki shiga aji kuma, na ganin likitan ƙwaƙwalwa ne.