Tafiyata Stuttgart: inda na ga yadda ake zuba sodiyom a cikin bawul

Daga filin jirgin Frankfurt muka shiga jirgin ƙasa mai gudun nan ICE, ni da ogana, awa ɗaya da ƴan mintuna sai ga mu a Stuttgart. Garin a cikin kwari yake, tuddai sun kewaye shi, gonakin inabi har gefen gidajen mutane, ga kogin Neckar ya ratsa ta gefe. Babbar tashar jirgin kuwa duk an tone ta ana wani gagarumin aiki na mai da ita ƙarƙashin ƙasa, sai da muka sha zagaye da akwatuna kafin muka fito titi. Duk wanda ke harkar inji ya san sunan garin nan ko bai taɓa zuwa ba, nan ne gidan Mercedes da Porsche, nan Bosch ya fara, nan hedikwatar Mahle masu fistin take. A unguwar Bad Cannstatt Daimler da Maybach suka haɗa babur ɗinsu na katako a 1885. Amma mu ba kallon motoci ya kawo mu ba, wata masana'antar bawul ce (ƙarfen nan mai faffaɗan kai da doguwar ƙafa da ke buɗe wa iska da hayaƙi hanya a cikin inji) a wajen gari ta ba mu izinin shiga mu ga layin da suke yin bawul mai rami a ciki.

Washegari da sassafe mota ta ɗauke mu, hanya ce mai kyau babu wani abin labari a kanta. A bakin ƙofa aka ba mu takalman ƙarfe da gilashi da abin toshe kunne, aka karɓe wayoyi, wai ba a ɗaukar hoto. Injiniyan da zai zagaya da mu wani dattijo ne mai ƙarancin magana, bai ce komai ba sai da ya miƙo mana bawul guda biyu, a ido iri ɗaya sak, ya ce mu auna a hannu. Ɗaya ya fi sauƙi kaɗan. Sannan ya ɗauko na uku wanda aka tsaga biyu daga sama har ƙasa, sai ga rami siriri ya bi tsakiyar ƙafar tun daga kusa da kai.

To me ya sa za a wahalar da kai a huda ƙarfen da kaurinsa bai wuce milimita 5 ko 6 ba? Zafi ne. Bawul na fitar hayaƙi shi ya fi kowa shan wuya a cikin inji, kansa yana kai digiri 700 zuwa 800, a injin fetur mai tarbo (na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska) kuma hayaƙin da ke wuce shi yana iya haura 1000. Na shigar iska yana samun sanyi duk lokacin da sabuwar iska ta shigo, shi kuwa wannan wuta ce gaba wuta ce baya. Hanyar da zai sauke zafin biyu ce kawai: wajen kashi uku cikin huɗu yana fita ta bakin da yake zama a kan top silinda, wato murfin saman inji, lokacin da ya rufe, ragowar ya bi ƙafa ya fita ta hannun ƙarfen da ƙafar ke zirya a ciki. Matsalar ita ce irin ƙarfen da ke jure wannan wutar ba ya tura zafi da sauri, sai zafin ya taru a kai ya ƙi tafiya. Nan sodiyom ya shigo, wani ƙarfe mai laushi da ake zubawa a cikin ramin. Yana narkewa a digiri 98, ba ya tafasa sai wajen 883, ga shi ya fi ruwa rashin nauyi, kuma yana ɗaukar zafi ninki da yawa a kan ƙarfen. Ba a cika ramin, ana barin wajen kashi ɗaya cikin uku ko fiye fanko, don idan inji ya tashi ya narke ya samu wurin da zai yi ta tsalle. Inji mai juyi 6000 a minti, bawul yana buɗewa sau 50 a daƙiƙa ɗaya, to haka sodiyom ɗin ke sauka kai ya kwaso zafi ya haura ƙafa ya sauke, kamar guga a rijiya. Kan bawul yana iya yin sanyi da digiri 80 zuwa 150, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga ƙarfen da ke dab da gajiya.

Ogana ya ce, to ai wannan tsohon zance ne. Dattijon ya gyaɗa kai ya ce ƙwarai. Wani injiniya ɗan Ingila, Sam Heron, shi ya fito da dabarar a shekarun 1920 lokacin yana aiki da sojan saman Amurka a McCook Field a Dayton, da gishirin naitiret ya fara cikawa kafin a koma sodiyom zalla. Injin Wright J-5 mai silinda 9 da ya ɗauki jirgin saman matuƙi Lindbergh daga New York zuwa Paris a 1927, awa 33 da rabi ba tsayawa, yana da irin waɗannan bawuloli masu sanyaya kansu. Kenan dabarar ta kai wajen shekara ɗari. Abin da na fahimta a ranar shi ne sodiyom ɗin ba shi ne wahalar ba, wahalar ramin ce da rufe shi, da kuma yin haka sau miliyoyi ba tare da kuɗin ya kashe kasuwa ba. Jirgin sama zai iya biyan ƙwararre ya zauna kan bawul ɗaya, motar talaka ba za ta iya ba.

Muka fara daga maƙera, wurin ƙara ne da zafi, ko da abin toshe kunne sai ka ji ƙasa na motsi. Sanduna ake yankawa gajeru, a gasa su su yi ja, injin matsa ya danna sau ɗaya ko biyu sai ga kai da ƙafa sun fito. Mun wuce nan da sauri don duk bawul haka ake fara shi.

Inda muka daɗe shi ne wajen huda. Hanya ta farko, wadda ta fi yawa, daga ƙarshen ƙafa ake shiga da wani dogon bakin huda siriri, irin dabarar da ake huda bututun bindiga da ita, mai yana bi ta tsakiyar bakin da ƙarfi yana sanyaya shi yana wanko ɓarɓashin ƙarfe waje. Ramin wajen milimita 3 ne amma zurfinsa ya ninka faɗinsa sau ashirin ko fiye, ka ga idan bakin ya karkace ko da kaɗan ne to bango ɗaya zai fi ɗaya siranta, wata rana a cikin inji nan zai karye, kan bawul ya faɗa kan fistin shikenan an gama da injin. Bayan huda sai wanki, a wanke a busar sosai, don ɗigon ruwa ɗaya ba a so ya rage. Sannan a zura sodiyom, a kawo sandar ƙarfe marar rami a haɗa a ƙarshen.

Wannan haɗin ne ya fi burge ni wallahi. Ba waldar da muka sani ba ce, babu sandar walda babu tartsatsi. Injin yana riƙe ɓangare ɗaya cak, ya juya ɗayan da gudun tsiya ya danna su, gogayyar kaɗai ta sa bakin ya yi ja ya yi laushi, sai ya tsaya tsam ya ƙara dannawa, ƙarfen ya tofo wani zobe a gefe wanda za a share daga baya. Daƙiƙu kaɗan an gama. Kuma ƙarfe biyu ne daban: na kai mai kuromiyom da manganis da nikel ne don jure wuta, na ƙarshen ƙafa irin wanda ke yin tauri ne don shi ke shan dukan kamshaf, sandar da ke danna bawul ya buɗe. Akwai gwajin da dattijon ya yi mana da maganaɗisu, ya kama ƙarshen ƙafa, da aka zo kai ya ƙi kamawa.

Hanya ta biyu daga fuskar kai ake hudawa, a cika, a ɗora ƙaramin murfi a yi masa walda, da laser ko da lantarki. Tana ba da damar faɗaɗa ramin a kai, amma ni dai raina bai kwanta da ita ba, don waldar tana fuskantar wutar silinda kai tsaye. Na faɗi haka, dattijon ya ce in an yi daidai ba ta da matsala, ban ja ba, shi ne a gidansu.

Ta uku ita ce sabuwar yayi, kuma ita suka fi alfahari da ita. Maimakon a yi siririn abu a huda, sai a ƙera shi da ƙafa mai kauri kamar ƙaramin kofi, ramin ya yi faɗi har cikin kai, sannan a yi ta matse ƙafar mataki mataki, wasu guduma ƙanana suna bugun ta ta kowane gefe tana juyawa, tana sirancewa tana ƙara tsawo, ramin kai kuma ya zauna da faɗinsa. A ƙarshe ka samu bawul da bakin ramin ƙanƙane ne amma cikinsa ɗaki guda, abin da babu bakin hudan da zai iya yi tunda ba ya lanƙwasa. Wasu kuma da lantarki da ruwan gishiri suke cinye ƙarfen ciki su faɗaɗa shi. Amfanin shi ne sodiyom yana kaiwa har kusa da fuskar kai, fuskar ta yi sanyi, ba za ta kunna mai kafin fulogi ya ba da wuta ba, wanda shi ne ciwon kan ƙananan injina masu tarbo na yanzu.

Ɗakin sodiyom ta gilashi muka leƙa. Abu ne mai laushi, wuƙa na yanka shi, a cikin mai ake ajiye shi don iska na ɓata shi nan take, in ya haɗu da ruwa kuwa haidurojin yake fitarwa ya kama da wuta. Injin yana matso shi kamar waya, ya yanka daidai awo, ya tura cikin ramin ƙarƙashin iskar da ba ta ci da wuta. Babu famfo a ɗakin, busasshen yashi da garin kashe gobara na musamman ne a jere. Ogana da ya yi shekaru yana sa giranda a kan tsoffin bawul ya yi shiru, can ya ce mini, kai yaro ka ji dai, duk wanda ba ka tabbatar ba kar ka yanka. Na ce Oga ai na ji.

Sauran layin gyaran jiki ne: a ɗora wani ƙarfe mai tauri na kobalt a bakin zama, a gasa ƙarshen ƙafa da lantarki ya yi tauri, a shafe ƙafar da kuromiyom ko a yi mata wankan naitirojin, a goge ta har ta yi sheƙi. Sai bincike, na'urar sauti tana auna kaurin bango da lafiyar walda, wasu kuma a ɗauke su hoton eksire a ga ko sodiyom ɗin na nan daidai. Kwandon waɗanda aka ƙi na leƙa, na ɗaga ɗaya na juya shi ta ko'ina ban ga aibinsa ba, aka ce ramin ne ya kauce.

A jirgin komawa Frankfurt muka yi ta musu da Oga. Shi a ganinsa kowane inji ya kamata a sa masa bawul mai sodiyom, ni kuma na ce zafin da aka kwashe daga kai ai ba ɓacewa ya yi ba, ƙafa aka kai wa, dole hannun da take zirya a ciki da ruwan da ke zagaya top silinda su zama an tsara su don ɗaukarsa, in ba haka ba ka kashe kuɗi ka cinye wani wurin. Inji marar tarbo da ba a takura masa, bawul na ƙarfe zalla ya ishe shi har ya tsufa. Ya ce to na shigar iska fa da muka ga ana hudawa? Na ce waɗancan galibi don rage nauyi ne kawai, da yawansu fanko ake rufe su ba a zuba komai. Bai yarda duka ba, har muka sauka yana cewa sai ya gwada saiti ɗaya a injinsa ya gani da idonsa.