Albashina ne, ni na ce a cire, to ina ruwan gwamnati?

Jiya lokacin cin abincin rana ina zaune a ɗakin malamai na ga wakiliyar ƙungiyarmu ta malamai tana bin mutane ɗaya bayan ɗaya da kwamfutar hannunta, wannan ta ce masa katin bankinka ya daina aiki kuɗin ƙungiya na wata biyu bai shiga ba, waccan ta ce mata kin canza akawun ba ki faɗa mana ba. Matar nan lissafi take koyarwa fa, aji biyar gare ta a rana, ga makin jarrabawa, amma ta koma kamar mai bin bashin adashe, abincinta ma yana gefe ya huce ba ta taɓa ba. Wallahi tausayinta ya kama ni, shi ya sa na ce yau sai na yi rubutu a kan maganar nan da ta daɗe tana cina.

Ga waɗanda ba su sani ba, ni a jihar Florida nake koyarwa a nan Amurka. Kafin 2023 in kin shiga ƙungiyar malamai fom ɗaya za ki cike, shi kenan, duk albashi za a cire kuɗin ƙungiya tun daga tushe yadda ake cire na inshorar lafiya da na fansho. A watan Mayun 2023 gwamna Ron DeSantis ya sa hannu a dokar da ake kira SB 256, daga 1 ga Yuli aka haramta wannan cirewar, kowa ya je ya biya da hannunsa. Ba a nan ta tsaya ba, dokar ta ce duk ƙungiyar da masu biyan kuɗinta ba su kai kashi 60 cikin 100 na ma'aikatan wurin ba sai ta sake neman a zaɓe ta, da can kashi 50 ne. Wato an toshe hanyar biya mafi sauƙi sannan an ɗaga adadin masu biyan da ake so, duk a takarda ɗaya.

Masu goyon bayan dokar suna cewa wai 'yancin malami suke karewa, kada a taɓa masa albashi a kai wa ƙungiyar da ke harkar siyasa. Gaskiya ni ban raina wannan maganar ba, akwai malamin tarihi a makarantarmu da bai taɓa shiga ba don bai yarda da 'yan takarar da ƙungiya ke mara wa baya ba, kuma mutumin kirki ne, haƙƙinsa ne. Kotun Ƙolin Amurka ma ta yanke wannan tun 27 ga Yunin 2018 a shari'ar Mark Janus, wani ma'aikacin gwamnatin jihar Illinois, alƙalai 5 suka rinjayi 4 cewa tilasta wa ma'aikacin gwamnati biyan ƙungiyar da bai shiga ba ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki, suka rushe tsohon hukuncin kotun a shari'ar Abood na 1977 da ya halatta hakan. To amma mu nan Florida ko kafin Janus ba a tilasta wa kowa, kundin tsarin mulkin jihar kansa ya hana, sashe na 6 na babi na 1. Kenan duk wanda ake cire wa da hannunsa ya sa hannu. Ni na ce a cire. To daga wa ake kare ni?

Ta ɓangaren shari'a kam ƙungiyoyi ba su cika samun nasara ba. A 2009 Kotun Ƙoli ta duba wata dokar jihar Idaho da ta hana cire kuɗin harkar siyasa daga albashi, ta ce gwamnati ba ta hana ku magana ba, ƙin taya ku tara kuɗi kawai ta yi, kuma ba dolenta ba ne. Na karanta, na fahimta, a takarda maganar ta zauna daidai. Abin da ya tsaya min a wuya daban ne: dokar nan tamu ba ta shafi 'yan sanda da 'yan kwana-kwana da gandirobobi ba, su har gobe ana cire musu daga albashi lafiya lau. In da gaske cirewar zalunci ce ga ma'aikaci me ya sa aka bar ɗan sanda cikin zaluncin, shi ba shi da 'yanci ne? Kowa a nan ya san waɗanne ƙungiyoyi ke tare da gwamna lokacin zaɓe, waɗanne kuma ke sukarsa a kan albashi da cire littattafai daga ɗakunan karatu. Haka gwamna Scott Walker ya yi a jihar Wisconsin a 2011 da dokarsa ta Act 10, ya ware 'yan sanda da 'yan kwana-kwana ya danne sauran, sai a Disambar 2024 wani alƙali a can ya ce wannan wariyar ta saɓa wa kundin jihar, aka ɗaukaka ƙara.

Da na ba Baba labari a waya dariya ya yi, shi da ya yi shekaru yana koyarwa a firamare a gida Najeriya ana cire masa kuɗin ƙungiyar malamai ta NUT ba wanda ya tambaye shi. Ya ce ku da aka ba ku zaɓi kuna kuka, mu sai a 2005 aka gyara dokar ƙwadago aka ce shiga ƙungiya ganin dama ne, alhali sashe na 40 na kundin tsarin mulkin 1999, wanda ya ba da 'yancin shiga ƙungiya, yana nan tun farko. Na ce Baba ai shi ya sa abin ya fi min ciwo, ku an cire muku ba a tambaye ku ba, ni na roƙa a cire an ce ba za a cire ba.

Mu kuma yajin aiki haramun ne ga ma'aikacin gwamnati a jihar nan, don haka teburin tattaunawar ƙungiya da hukuma shi kaɗai ya rage mana na maganar albashi da yawan yara a aji da lokacin shirya darasi. Kafin a tashi jiya na je na duba nawa akawun ɗin a wajen wakiliyar tamu, kuɗina ya shiga, sannan na karɓi sunayen mutum huɗu na sashenmu na ce ni zan bi su, ta je ta ɗumama abincinta.