Abin da karatun lauya a Kumasi ya ƙara mini

A zamaninmu, duk ɗan unguwar Nima ko Mamobi a Akra da ya gama digirin shari'a a Jami'ar Ghana da ke Legon, unguwar Makola yake hange. Can ne mazaunin makarantar horar da lauyoyi ta Ghana, wadda aka kafa a 1958 zamanin Kwame Nkrumah, ga kotuna kewaye da ita. Shigarta kuwa a lokacin sai an sha wuya: a 2019 mutum 128 kacal suka ci jarrabawar shiga cikin 1,820. Saboda haka da na samu gurbi a reshenta na Kumasi, cikin harabar jami'ar kimiyya da fasaha ta KNUST, ban tsaya zaɓe ba, na ɗaure kaya.

Manhaja ɗaya ce, jarrabawa ɗaya, littattafan ma su ne dai. Abin da ya sauya shi ne mutanen da nake zama da su a aji.

A Legon na haddace dokar gadon wanda ya rasu bai bar wasiyya ba, wato PNDCL 111 ta 1985. Gida ɗaya da kayan cikinsa na mata ko miji ne da 'ya'ya. Sauran dukiya a kasa ta kashi 16: tara na 'ya'ya, uku na mata ko miji, biyu na iyaye, biyu a raba bisa al'ada. A wurina lissafi ne na cin jarrabawa. A Kumasi kuwa da yawa daga abokan karatuna Tonawa ne, masu bin dangin uwa, inda a al'ada ɗan 'yar'uwa kan gaji kawunsa. Da an taɓo wannan doka sai aji ya ɗau zafi. Wannan ya kawo labarin gonar koko da dangi suka karɓe daga hannun kakarsa, wancan ya ce ai dangin ne suka sare dajin tun farko, don me za a ba su kashi biyu kawai? A nan na gane dalilin yin dokar, na kuma gane dalilin da ya sa har yau wasu ke jin haushinta. Haka batun filaye: mafi yawan ƙasar Kumasi ta sarauta ce, kuma ba a maganar takardar fili ba a ambaci Manhyia, fadar sarkin Tonawa, ba.

Tonancina ma ya gyaru, dole, don rabin muhawarar bayan an tashi aji ake yin ta, kuma ba da Turanci ba.

Sai kuma namu na zango, wato unguwannin Hausawa da sauran Musulmi. A unguwar Aboabo na sauka, kuma tun ban gama shekarar farko ba aka laƙaba mini lauya. Wata dattijuwa da mijinta ya rasu ta tare ni da tambaya: "Ɗana, malamai sun raba gado, yanzu wani cikin 'ya'yan yana cewa zai kai kotu. Kotu tana da ta cewa?" Na ce, "Hajiya, tana da ita." Dokar 1985 ba ta ware Musulmi ba. In ba wasiyya, kuma wani ya ƙi rabon malamai, da ita alƙali zai yi aiki. Ga kuma dokar auren Musulmi ta 1907, da ta ce a yi wa aure rajista cikin mako guda da ɗaurawa, ango da waliyyi da shaidu biyu da limami mai lasisi su sa hannu. Hajiya ba ta taɓa jin labarinta ba, kuma ban yi mamaki ba, don a Nima ma ban san gidan da aka yi ba.

A ganina, ɗalibin shari'a da ya samu damar yin ko da zangon karatu ɗaya a wata makaranta ya karɓa, kada ya tsaya auna sunan makaranta. Ni da na koma Akra hutu, tambayar farko da na yi wa mahaifina ita ce ko aurensu da Umma yana da takarda. Ya ce limamin da ya ɗaura da shaidun duk sun rasu, amma kowa a unguwa ya sani.